Makullin Ƙofa ta Huɗu

Tun da muka dawo daga Agadas ban huta da tambaya ba. A ofis a Kadawa, a masallaci, har a bakin hanya in babur ɗina ya mutu, sai wani ya tsaya ya ce, "Malamin Ruwa, yaya ƙasar waje?" Wasu da gaske suke tambaya. Wasu kuwa, ina jin, tsokana ce, don sun ji cewa ƙasar wajen tamu Nijar ce, ba Ingila ba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kuma na lura duk wanda na ba shi sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Shi ya sa na ga ya fi in rubuta shi sau ɗaya, iyakar abin da na iya tunawa. In na yi kuskure a wani wuri, matata Hadiza za ta gyara, don ta fi ni riƙe abu.

Ga wanda bai san ni ba, aikina shi ne raba ruwan noman rani a ɓangaren da ke tsakanin Kura da Bunkure. Ruwa na zuwa ta babbar magudana, mu kuma mu buɗe ƙofofin ƙarfe mu sake shi cikin ƙananan magudanai, kowace da ranarta. Ƙofa ta huɗu ranar Asabar ake buɗe ta, ƙarfe bakwai na safe. Ni na sa aka saya mata kwaɗo, ni kuma na rubuta dokar cewa duk ma'aikacin da ya fasa kwaɗo ko ya ba manomi makulli, a bakin aikinsa. A riƙe wannan, za a dawo kansa.

Maganar hutun amarci a jami'a na tsince ta, kuma tun kafin a ɗaura aure na yi wa Hadiza alkawari. Na tambaye ta inda take so, ina zaton za ta ce Ikko ko Masar. Sai ta ce Agadas. Mahaifinta mabugi ne a Kura. Tun tana ƙarama take ganin ana rina turkudi, a buge shi har ya yi ƙyalli, a naɗe a takarda, a ɗora a mota a ce ya tafi Agadas. Ta ce tana so ta ga mutanen da ke sa shi.

Sau uku muka sa rana. Na farko magudana ta fashe. Na biyu aka ce manyan baƙi za su zo daga ma'aikata, ba su ma zo ba. Na uku, gaskiya, ba abin da ya faru, tsoro kawai na ji kada wani abu ya faru ba na nan. Duk sau ukun abu ɗaya Hadiza ta yi. Ta buɗe akwati ta mai da kayan inda suke. A lokacin na ɗauka haƙuri ne, har ina yaba mata a zuci.

Bana da aka yaye 'yarmu Bilki aka kai ta gidan kakarta, Hadiza ta kawo mini abinci, ta tsaya a bakin ƙofa maimakon ta fita kamar yadda ta saba.

"Malam," ta ce, "in ba mu tafi a wannan yayen ba, don Allah kada ka ƙara ambaton tafiyar nan. Ba fushi nake ba. Kunyar ƙawayena nake ji."

Washegari na rubuta takardar neman hutu.

Wanda zai riƙe mini aiki shi ne Malam Ɗanlami, dattijo mai gaskiya, wanda in na ce ya fi ni tsoron doka ban yi ƙarya ba. Na rubuta masa bayani shafi goma sha ɗaya. Na miƙa masa makullai ranar Litinin da hantsi. Da yamma kuma zuciyata ba ta kwanta ba, na koma na karɓi na ƙofa ta huɗu in sake duba ko kwaɗon yana kamawa. Yana kamawa.

Talata da asuba muka shiga Kano, muka sami fijo mai zuwa Daura. Direban ya ga jakata ta takardu ya tambaye ni ko alƙali ne ni. A ciki akwai fasfo biyu, katin allura, takardar hutu, taswira, da wani ƙaramin littafin Faransanci da na yi wata guda ina hadda. Hadiza kuwa ƙullin dambun nama ta riƙe da goro, kuma daga baya an fi amfana da nata kayan.

A kan iyaka, bayan Kongolam, jandarman Nijar ya zauna a ƙarƙashin bishiya da gajeren wando da hula mai baki. Na matsa na zuba masa Faransancin da na haddace, ina gumi. Ya bar ni har na kai ƙarshe, sannan ya ce da Hausa, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Ina takardar aure?"

Ba ni da ita. Wa ya taɓa ba mu takarda? A zauren surukina aka ɗaura, aka raba goro, aka watse. Na fara yi masa bayanin yadda tsarinmu yake, sai ya ɗaga hannu ya juya wajen Hadiza.

"Madam, wannan mijinki ne?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ina jin shi ne. Da asuba yake fita, sai magariba yake dawowa, ban cika ganinsa da rana ba."

Jandarman ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya buga hatimi ya ce, "Wannan amsa sai matar aure. Ku wuce." Ni ma na yi dariya, amma a mota na yi ta juya maganar. Ban taɓa sanin tana da irin wannan bakin ba.

Mun shiga Damagaram da yamma. Masaukin da aka kwatanta mana na wani Bayarabe ne ɗan Dahomai, ɗakuna shida da tsakar gida mai inuwa. Abin da ya fara ba mu wahala shi ne cin abinci. Ba a kai wa mutum ɗaki. Tebur aka shimfiɗa wa farin ƙyalle, aka ja wa Hadiza kujera, aka ajiye ni a gabanta. Shekara uku da aure, ba mu taɓa cin abinci tare ba. Ni a zaure ko a ɗakina, ita a nata. Aka kawo wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, da ganye ɗanye an zuba masa mai, sannan naman rago. Na kama wuƙa da cokali mai yatsu don in nuna mata yadda ake yi, naman ya kuɓuce ya faɗa cinyata. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Daga nan ta wanke hannu ta sa a kwanona, ni ma na ajiye ƙarafan.

Laraba da safe na je tasha na sami mana wuri a motar Agadas, wadda za ta tashi Alhamis da asuba, kuma in ta tafi sai wani mako. Na dawo ina jin daɗin kaina. Hadiza ta ɗauki rigar da na sa ranar Litinin, wadda na cusa a akwati don a wanke a hanya, ta kakkaɓe ta. Wani abu ya faɗi a siminti ya yi ƙara.

Makullin ƙofa ta huɗu ne.

Ba na jin zan iya kwatanta abin da na ji. Alkamar wannan ɓangaren ta fara fitar da kai, kuma duk wanda ya san alkama ya san in ruwa ya tsallake ta a wannan lokacin, sai dai a girbe kara. Gonakin mutane ne masu yawa, wasu shekarar nan ce ta farko da suka yarda suka gwada ta, kuma da bakina na lallashe su.

"Malam Ɗanlami zai fasa kwaɗon," in ji Hadiza.

"Ba zai fasa ba."

"Don me?"

"Ni na rubuta cewa wanda ya fasa a kore shi. Zai rubuta wa Kano yana neman izini, ya zauna jiran amsa."

Na ruga gidan waya. A rufe. Nan na koyi cewa a ƙasar nan da rana ta take ake kulle ofisoshi, kowa ya tafi gida ya kwanta, sai wajen la'asar. A da na ji labari na ce lalaci ne. Yanzu ba zan ce haka ba, don na tsaya a ranar tasu na ji. Da aka buɗe, ma'aikacin ya saurare ni da ladabi, ya ce saƙona zai tafi, amma ta Faris zai bi, daga can Landan, daga can Ikko, sannan Kano. Na ce Kano fa ga ta nan, tafiyar yini. Ya ce ya sani, matarsa ma 'yar Kano ce, amma waya ba ta san haka ba.

Na dawo masauki na ce mata, "Ina ganin, watakila, abin da ya fi shi ne mu koma. In an buɗe ƙofar ranar Asabar, sai mu sake shiri."

Sai ta tashi. Ta jawo akwati ta fara ninke zannuwanta. Ina tsaye ina kallon hannunta, sai na gane na taɓa ganin wannan ninkin sau uku. A ranar na fahimci ba haƙuri ba ne kawai. Kowane ninki, wani abu ne take cirewa daga kaina tana ajiyewa, kuma ban san ko saura nawa ba. Amma kuma alkamar mutane ce. Na zauna a bakin gado da makulli a hannu.

Ta kai zane na ƙarshe ta tsaya.

"Malam, ka ba ni zuwa magariba. Kai ni kasuwa, layin masu turkudi."

Na bi ta ban san dalili ba. A layin ta zama wata daban. Rumfa rumfa take bi, ta ɗauki naɗin turkudi ta juya, ta shinshina, ta duba ɗaurin takardar, ta ajiye. Wani ta ce na gidan su wane ne, wani ta ce wannan ba bugun Kura ba ne ko kusa, mai rumfar ya harare ta. A rumfa ta bakwai ko ta takwas ta ɗaga wani naɗi mai jan zare, ƙulli biyu a gefe.

"Wannan ɗaurin gidanmu ne. Kuma takardar ba ta yi laushi ba, bai kwana bakwai da barin Kura ba." Ta dubi mai rumfar. "Baba, wa ya kawo maka?"

Ya ce wani Alhaji ne daga Kura, shekaranjiya ya sauke, yana gidan fatomansa, mai saukar da fatake, a bayan masallaci, gobe zai juya. Da ya faɗi sunan, ashe wanda na sani ne sarai. Alhaji Ilu.

Alhaji Ilu aminin surukina ne, shi ke kai masa kaya Nijar. Yana kuma da gona a can ƙarshen magudanar ƙofa ta huɗu, inda ruwa ke isa a makare. Bara ya buɗe ƙofar ranar da ba tasa ba, na kai ƙararsa gaban dagaci, aka yi masa faɗa a gaban jama'a. Saboda shi aka sayi kwaɗon. Tun daga nan in na gaishe shi, da hanci yake amsawa.

Mun same shi a zaure yana shan fura. Ya ga Hadiza ya washe baki.

"A'a, Dije! Ke ce a Damagaram?" Sannan ya gan ni. "Malamin Ruwa, lafiya? Ko nan ma an ce na buɗe wata ƙofa?"

Hadiza ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani a taƙaice. Ya ajiye ludayi. Ya dube ni, ya dubi makullin, ya fara dariya a hankali har ta kai shi tari.

"Wato kai da ka kulle mana ruwa don kada mu sata, kai ne ka gudo da shi ƙasar Faransa."

Na ce kuskure ne, kuma na yarda nawa ne.

"To yanzu me ake so da ɓarawo?"

Nan fa na tsaya. Dokar da na rubuta ta hana ba manomi makulli, kuma a cikin manoman ma wannan. In ya isa Juma'a ya buɗe don gonarsa, ruwan ƙofa ta uku zai ragu, rigima ta tashi, kuma sunana ne a takarda. Na fara cewa ko zai yiwu a sa makullin a ambulan a liƙe, in sa hannu a bakin, a sami shaidu biyu. Hadiza ta miƙo hannu. Ban san lokacin da na sa mata shi a tafi ba. Ta tsinke wani baƙin zare daga gefen kayan Alhaji, ta zura makullin, ta ƙulla, ta ajiye a gabansa.

"Baba, wannan ba na gwamnati ba ne yanzu. Nawa ne. Asabar, ƙarfe bakwai, a hannun Malam Ɗanlami. Rabin ƙofa za a ɗaga har hantsi, sannan a ƙarasa, don kada bakin magudanar ya zube wajen gonar Tanko."

Na juya na kalle ta. Wannan yana shafi na shida a bayanin da na rubuta, kuma ban taɓa faɗa mata ba.

"Kullum Juma'a kana maimaitawa kana alwala," ta ce, ba ta ko dube ni ba.

Alhaji Ilu ya rataya zaren a wuya ya tura cikin riga. "Ku tafi Agadas, Dije. Kai kuma Malam, ka saki fuska, kamar wanda aka aiko karɓar haraji."

Tafiyar Agadas kwana biyu ce a bayan babbar mota, bisa buhunan gero. Bayan Tanut hanya ta zama sawun taya kawai. Sau biyu muka kafe a rairayi, maza suka sauka turi, na rasa takalmi ɗaya a nan. Wani Buzu da ke kusa da mu, dogo, ba a ganin komai a fuskarsa sai idanu, ya ba ni nasa na fata ya ce shi ƙafarsa ta saba. Duk inda aka tsaya sai ya hura gawayi ya dafa shayi a ɗan ƙaramin buta, zagaye uku. Na sha na farko na ce na gode, ya isa. Aka ce mini ba a yin haka, wanda ya sha ɗaya sai ya jira na uku. Hadiza ta buɗe dambun nama, matar Buzun ta fito da cuku, wani busasshen abu na nono mai kamar fatar ganga, kafin yamma sun zama ƙawaye ba tare da wata ta ji rabin maganar wata ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a wurinsu namiji ke rufe fuska, mace ta bar tata a buɗe, ta zauna cikin maza ta yi magana a saurare ta. An ce mini ma bukkar aure ta mace ce, in an ɓata namiji ne ke kwashe takalmansa. Ban tabbatar ba, ji na yi. Hadiza ta ce a sake maimaita mata wannan, wai ba ta ji da kyau ba.

Ba zan ɓoye ba, Asabar da ƙarfe bakwai ina tsaye a tsakar gidan da muka sauka, ina kallon agogo. Hadiza ta fito ta tsaya kusa da ni har hannun agogon ya wuce bakwai.

"An buɗe," ta ce. "Zo mu je kasuwa."

A kasuwar ne ta sami abin da ta zo nema. Wani dattijo a kan raƙumi fari, da rawani ɗan Kura sabo, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, shunin ya kama masa goshi da yatsu. Ta bi shi da ido, sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a Kura, ta tare shi ta gaishe shi. Aka fassara masa cewa mahaifinta ne ke buga irin wannan. Mutumin ya durƙusar da raƙumi ya sauko. Ya ce shekara biyu yana tanadin wannan rawani don auren ɗansa, kuma bai taɓa tunanin zai ga wani daga gidan da aka yi shi ba. Ya ce a gaya wa mahaifinta hannunsa na da albarka. Ta ce za ta faɗa. Mun ga doguwar hasumiyar masallacinsu ta ƙasa, mun ga lambunan da bijimi ke jawo musu ruwa daga rijiya, amma in aka tambaye ni abin da na gani a Agadas, fuskarta a wannan lokacin ce.

A dawowa, motar Kura ta bi ta gefen magudana. Daga kan titi ana hango hanyar ƙofa ta huɗu, tafiyar minti goma a ƙafa. Hadiza ta taɓa ni ta ce, "Sauka ka duba. Ni na ƙarasa wajen Bilki." Na riga na ɗaga hannu zan buga wa direba. Sai na mai da shi. Na ce tare muka tafi, tare za mu isa. Ba zan ce ban yi ta tunanin ƙofar har Kura ba.

A zauren surukina muka tarar da Alhaji Ilu da Malam Ɗanlami, kamar an aika musu. Malam Ɗanlami ne ya ba da labari. Ya ce tun Laraba ya gane babu makulli, ya rubuta wa Kano takarda biyu. Alhaji ya iso Juma'a da hantsi, ya nuna masa makullin amma ya ƙi sakinsa. Manoma suka taru suka ce tunda ga shi a hannu a buɗe yau, gonar Alhajin ma ta fi ta kowa jin ƙishi. Ya ce ko za ta ƙone, sai Asabar. Da asuba ya shimfiɗa buzu a bakin ƙofar, ya sa aka riƙa duba masa agogo, bakwai daidai ya cire zaren daga wuya. Kuma ya tsaya a kan sai rabi har hantsi.

"Ba don kai na yi ba, Malamin Ruwa," in ji Alhaji. "Amanar Dije ce."

Na ce na sani. Na kuma roƙe shi gafara a kan maganar bara, ba don ƙarar da na kai ba, don har yanzu ina ganin ranar ba tasa ba ce, sai don ban taɓa zuwa ƙarshen magudanar na ga yadda ruwan ke isa gonarsa ba. Ya ce in zo Asabar in gani. Na je, kuma yana da gaskiya fiye da yadda na so.

Alkama ta yi kyau, an girbe ta makon jiya. Na rubuta wa shugabana cewa na karya dokar da na rubuta da hannuna, na kuma ba da shawarar a yanka makulli na biyu a ajiye wurin dattijon da manoma suka zaɓa. Ba a amsa ba tukuna, kuma ban san yadda za a ɗauke ta ba.

Makullin yana nan a zaren da Hadiza ta ƙulla. Shunin ya ɓata mini aljihun riga uku, ta ce in kawo ta canza shi da farin zare. Na ce a bar shi.